Hoton Kofur a Gindin Rumbu

Gwanzu, ƙasar Sin
3 ga Oktoba, 2024

Zuwa ga Babana, Sajan Aaron mai ritaya, Dabai.

Baba, gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya. Ina gajiya, ina aikin gona? Yaya Anti Joyce da yara, kuma ana jin Yaya Gabriel daga bakin daga? Ina karenmu Kofur, har yanzu yana addabar kajin maƙwabta?

Na bi dokarka, da hannu na rubuta, na ɗauki hoton takardar na turo wayar Anti Joyce. 'Yan ɗakin bincikenmu dariya suke mini. Na ce musu babana tsohon ɗan siginal ne a soja, duk maganar da ba ta hau takarda ba hira ce a wurinsa.

Baba, ka gyara zama, don abin da zan faɗa maka ya hana ni cin abincin rana yau. Ɓerayena sun taka ƙafa!

Bari in fara daga farko, don na san har yanzu kana gaya wa mutanen coci wai 'yarka likitar dabbobi ta tafi Sin kiwon ɓera. To, kiwon ne, amma da dalili. Fararen ɓeraye ne, kuma suna da ciwon daji a ƙashin ƙwauri. Mu muka sa musu. Wannan ɓangaren ba ya mini daɗi, ba zan ɓoye maka ba, ko da yake akwai doka mai tsauri, in ciwo ya kai wani mataki ana hutar da dabba nan take. Abin da muke nema shi ne yadda za a rage zafin ciwon daji idan ya shiga ƙashi, don ƙwaya ba kullum take iya masa ba.

Ga yadda muke yi. Ana soka wa ɓera allura biyu a ƙasan gwiwa, sirara, da kaɗan suka fi gashin jelar doki kauri. Sai a maƙala musu waya, a saki 'yar wutar lantarki mai bugawa a hankali, minti talatin. Ana zaton wutar tana tsokano maganin kashe zafi da jiki yake da shi tun asali. Rabin ɓerayen ana ba su wutar, rabi kuma allura kawai babu wuta, don a gane ko wutar ce ke aikin.

Wahalar ita ce ɓera ba ya magana, kuma gwanin ɓoye ciwo ne, don a daji mai ɗingishi ake fara kamawa. Saboda haka hotonsa muke ɗauka mu duba abu huɗu: yadda ya tsuke ido, yadda hanci ya kwanta, inda kunne ya juya, da yadda gashin baki ya miƙe. Sannan a duba ƙafar da yake ɗora wa nauyi. Ana ba ni hotunan a cakuɗe, ban san wanda ya sha wuta da wanda bai sha ba, ni dai in ba kowace fuska maki. Yau Farfesarmu ta buɗe ambulan da aka rufe wannan sirrin a ciki. Baba, cikin shida da suka sha wuta, biyar fuskarsu ta saki, suna taka ƙafar! Na yi tsalle har na ture kujera, wani ɗalibi ya zaci gobara ce.

Farfesa ta ce ba ta taɓa samun mai ido irin nawa ba, ta tambaye ni ina na koya. Na ce a gidan Dakarkari na tashi. Na ba ta labarin golmo, yadda saurayi ke noma wa surukinsa shekara bakwai, wanda ya ce wash a gona 'yan mata su sa shi a waƙa. Na ce babana garma ta tsaga masa ƙafa a gonar kakana, bai tsaya ba sai da ya kai kunyar ƙarshe. Marigayiya Mama Leah ce ta koya mini, ta ce, "Babanki ba a tambayarsa, dubansa ake yi."

Wannan somin taɓi ne, ɓeraye goma sha biyu kawai. Babban gwajin na arba'in zai fara a Nuwamba ya ƙare tsakiyar Disamba, kuma hannun da ya fara shi ke gamawa, ba a canzawa. In ya yi kyau, digirina ya zo hannu.

Yaushe za ka yarda in kira ka ta bidiyo? Kullum sai ka ce sabis ɗin Dabai ba kyau, alhali Anti Joyce tana kira na lafiya lau daga bakin murhu.

Ka huta lafiya, Ubangiji ya tsare.
'Yarka mai kiwon ɓera,
Dinah

Dabai
7 ga Oktoba

Zuwa ga Haladu Dispensa, Kanya. Ta hannun Abdulrashid direba.

Dispensa, gaisuwa irin ta soja. Ina iyali, ina Hajiya Altine, ina shanu? Ka karanta wannan kai kaɗai, in ka gama ka sa a murhu.

Tafiyar da na yi Sakkwato a watan bakwai, na ce maka tabarau na je canzawa. Ƙarya na yi. Asibiti na je. Ciwon daji ne, ya fara daga mara ya shiga ƙashin ƙugu na hagu. Likita ya ce ba a cire shi, sai dai a rage masa gudu. Sun ba ni ƙwayoyi. Da farko suna riƙe ni daga safe zuwa azahar, yanzu ko hantsi ba sa kaiwa. Sun ce in koma a ba ni mai ƙarfi, na ruwa, mai sa gyangyaɗi. Ban koma ba. Ba zan zauna a ƙofar gida ina layi ba dawata tana tsaye a gona.

Babu wanda ya sani. Joyce, matar Gabriel, ta ɗauka sanyin ƙashi ne. Gabriel yana daji riƙe da bindiga, ba a ba irinsa wannan labari. Dinah kuwa ka san ta. Ranar da ta ji, ranar za ta bar komai ta hau jirgi, alhali wata biyu da rabi ya rage ta gama abin da ta yi shekara uku tana ginawa. Ba ni zan rushe mata ba. Shi ya sa nake ƙin kiran bidiyo, yarinyar nan idon uwarta gare ta.

Yanzu ga labari mai daɗi. Ka san abin da take yi a can? Allura biyu, waya, da wuta kaɗan, zafin ciwon daji ya sauka! Ɓerayenta sun tashi suna takawa. Dispensa, waya da batir! Aikina na shekara ashirin da biyu! Da na karanta sai na ji kamar an ce in koma bariki. Ina da batir ɗin babur, ina da kwayil ɗinsa, ina da waya. Kai kuma ka yi wa bataliya guda allura a Laberiya. Me ya rage? Wurin sokawa da yawan wuta.

Wannan zan samo daga wurinta. Zan ce Kofur ne ba shi da lafiya. Kare da mutum duk ƙafa ce.

Abu biyu nake nema. Ka zo da hannunka na allura. Kuma ka rantse mini, don ranar da na goyo ka da rauni daga bakin gadar nan a Laberiya, ba za ka faɗa mata ba.

Naka har kullum,
Sajan Aaron mai ritaya

Kanya
9 ga wata

Sajan, bayan gaisuwa. Takardarka ta ishe ni. Na karanta, na sa ta wuta awa yadda ka ce, sannan na zamna bayan garke na yi kuka. Kai ba ka iyawa, sai in yi maka.

Na rantse ba ni hwaɗa wa Dinah, ko da bakina ko da alƙalamina, tunda ka ɗaure ni da gadar nan. Amma ka sani abin ga da kaka shirin yi wauta ce mai lamba ɗaya. Kare da mutum duk ƙahwa ce? Kai da batir ɗin babur duk tsohin kaya ne dai.

Ina tahowa in mun gama ɗaurin gero. Kada ka soka komi ga jikinka kahin in iso. Allah shi sawwaƙe, shi ba ka lahiya.

Haladu

Dabai
12 ga Oktoba

Zuwa ga Dakta Dinah Aaron.

'Yata, gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso, an karanta, an fahimta. Kowa lafiya. Dawa ta yi kyau, ta gangaren dutse ta fi. Na gaya wa Fasto ɓerayenki sun taka ƙafa, ya sanar a coci, an yi tafi, ko da yake wata tsohuwa ta tambaya me ya sa ba ku sa musu tarko ba.

Aikinki ya burge ni ƙwarai. Na karanta wurin waya da wuta sau huɗu.

Akwai rahoto guda. Kofur ba ya jin daɗi. Ƙafar baya ta hagu ce. Zafin yana tasowa daga ƙugu ya sauka bayan gwiwa kamar ana jan waya mai zafi. Ya fi tsanani in ya daɗe a zaune, ko zai hau tudu. Abinci ma ya rage. Ina zaton irin ciwon ɓerayenki ne. Saboda haka ki amsa waɗannan:

Na ɗaya. Daidai ina ake soka allurar?
Na biyu. Zurfin nawa?
Na uku. Wutar nawa ce, kuma bugu nawa a daƙiƙa?
Na huɗu. Wurin nan na ƙasan gwiwa, a jikin mutum ina yake? Don sani kawai.

Zancen bidiyo a bar shi sai an gama kaka. Ki tsaya kan aikinki, kada ki waiwayo.

Ubangiji ya riƙe ki.
Sajan Aaron mai ritaya

Gwanzu
20 ga Oktoba

Baba Sajan, ranka ya daɗe! Gaisuwa ga kowa da kowa, har da tsohuwar nan mai tarko, ka ce na ji saƙonta.

Ka yi haƙuri da jinkiri, ɓeraye arba'in sun iso, ina ta sabawa da su. Sai ka riƙa ɗaukarsu kullum har su san hannunka, in ba haka ba tsoro zai ɓata fuskar, ka kasa bambance shi da ciwo. Akwai wani mai yagaggen kunne, shi ke fara cin abinci ya hana kowa, na sa masa suna Manjo. Kuma albishirinka! Farfesa ta ce in sakamako ya fito yadda muke fata, sunana ne zai zo farko a rahoton da za a buga. Sunanka ke nan, Baba, Aaron na Dabai, a mujallar masana!

Kai, amma Kofur ya ba ni tausayi. Sai dai na yi dariya har da hawaye. "Kamar ana jan waya mai zafi"? Yaushe Kofur ya fara kawo maka rahoto, ko ƙame yake yi kafin ya faɗa? Ka iya tsara magana, Baba.

Tambayoyinka kuwa, na ji daɗinsu fiye da na wasu ɗalibai. Wurin yana ƙasan gwiwa ta waje, gefen ƙashin ƙwauri, a mutum kusan faɗin yatsu huɗu daga gwiwar. Wutar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ko ƙwan tocila ba za ta kunna ba, kuma na'urar ce ke auna ta, ba a yi da ka. Zurfi da lissafin bugu ba zan rubuta ba, don na san ka. Na san akwatin wayoyin nan da ke ƙarƙashin gadonka. Kada ka kuskura ka haɗa wa Kofur komai! Allurar ta musamman ce, tsaftatacciya, kuma sai wanda ya koya. Sannan ka tuna abin nan ba ya warkar da ciwon daji, zafi kawai yake ragewa, a ɓera ma tukuna muke gwadawa.

Kofur ya shekara tara, wataƙila tsufa ne kawai. Ka turo mini hotonsa a tsaye, ƙafafu huɗu duka su fito, da fuskarsa, a wuri mai haske. Minti ɗaya ya ishe ni in gaya maka ko da ciwo, da kuma inda yake. Aikina ke nan, kuma an ce na iya!

A gaida Baba Haladu in ya leƙo. Sai na ga hoto.
Taka,
Dinah

Dabai
16 ga Nuwamba

Zuwa ga ɗiyata Dinah.

Assalamu alaikum. Ni ne Haladu na Kanya, abokin babanki. Ina gajiya, ina karatu, ina baƙunta? Altine tana gaishe ki, ta ce ko kin saba da cin abinci da tsinke. Kwanana ukku nan Dabai, kuma ni anka ba aikin ɗaukar hoto, don wayata ta hi ta kowa ido.

Kahin hoto, bari ki ji abin da babanki ya aikata, don in ban hwaɗa wa wani ba cikina hwashewa zai yi.

Kin hana shi haɗa wuta, ko? To, na iso na ishe ya shimhiɗa tabarma gindin rumbu ya baje kaya awa mai gyaran rediyo ranar kasuwa. Batir ɗin babur, kwayil, waya ja da baƙa, da wani makunni da ya ciro daga tsohuwar hitila. Allura kuwa basilla biyu ta ɗunkin buhu, ya dahwa su cikin tukunyar shayi, wai tsabta. Idonai har ƙyalli sukai. Ya ce, "Dispensa, abin da Sinawa suka yi da na'ura, siginal zai yi da kai."

Na ce, "Sajan, ba mu taɓa mai rai sai mun gwada ga wanda ya riga ya mutu." Da ƙyar ya yarda. Munka aika wurin mahauci anka kawo cinyar akuya da ɗuminta, yankan sahe. Ya auna yatsu huɗu daga gwiwa, ya soka basilla, ya ce in riƙe. Ni kuma da wautata na riƙe. Ya ƙirga ukku ya danna makunni.

Ɗiyata, akuyar da anka yanka tun hantsi ta harbe ni! Cinyar ta zabura ta doki haɓata, wuta ta bi hannuna har haƙori, na yi salati na zube cikin kwandon gujiya. Joyce ta hito da muciya tana kiran sunan Yesu. Babanki kuwa tahi yakai shina ihu, "Ta amsa! Dispensa, ta amsa!" Rabon da in ji dariyarshi haka tun muna samari. Kofur, maras lahiyar nan, ya sure cinyar ya tsallake danga da ita.

Da munka ƙwato ta, na tsaga wurin da basilla ta shiga na nuna mashi. Naman ya yi toka-toka, shina warin ƙuna. Ya duba, ya duba, dariyar ta tahi. Ya ce a rage wutar a sake. Na ce a'a. Kwayil ɗin shina cikin aljihuna yanzu, kuma Kanya zai kwana gobe.

To, ga hoto. Babanki ya so in ɗauki karen shi ɗai. Na ce karen ga ba ya tsayawa sai an riƙe igiya, kuma ba ya yarda da hannun kowa sai nashi. Sai ya shiga ɗaki ya sanyo hular soja, ya zo ya tsaya. Na ja baya sosai don komi ya hito, daga hula har takalmi.

Akwai maganar da na rantse ba ni hwaɗa maki, da baki ko da alƙalami, kuma kin gani ban hwaɗa ba. Hoton kare kinka ce a turo, hoton kare na turo. An ce ke ce gwanar dubawa a ƙasar Sin duka. To, ki duba da kyau, kada ki yi sauri.

Allah shi yi maki albarka.
Babanki na Kanya,
Haladu

Gwanzu
17 ga Nuwamba

Baba,

Ina gaishe ka, don ka koya mini ba a fara takarda sai da gaisuwa. Ka yi haƙuri da rubutun.

Na duba Kofur. Yana tsaye a kan ƙafa huɗu daidai wa daida, kunnuwa a miƙe, ido a buɗe, harshe a waje. Makinsa sifili, babu alamar ciwo. Ya ma yi ƙiba, kuma ina so in san tuwon wa yake ci.

Sai na duba mai riƙe da igiya.

Nauyinka duka yana kan ƙafar dama. Diddigen hagu bai taɓa ƙasa ba. Ka jingina gwiwar hannu da rumbu kamar don ado, amma rumbun ne ke riƙe da kai. Idanunka a tsuke suke alhali a inuwa kake. Ka danne muƙamuƙi har jijiya ta fito, irin na ranar da aka binne Mama. Na ƙara girman hoton, na ga bel ɗinka. An huda masa sababbin ramuka biyu da ƙusa.

Daga ƙugu zuwa bayan gwiwa, kamar ana jan waya mai zafi. Ka rubuta mini da hannunka, ni kuma na yi dariya har da hawaye, na ba ka labarin Manjo. Wata guda ke nan. Ina ta murna an ce na fi kowa ido, babana yana gaya mini ciwonsa ina tsokanarsa. Wannan ba zan yafe wa kaina da wuri ba. Kai ma ina fushi da kai, Baba, fushi sosai. Basilla! Da Baba Haladu bai zo ba, da ƙafarka ce ta yi warin ƙuna. Kada ka ga laifinsa, bai faɗa mini komai ba. Kai ka faɗa, da ka ce irin ciwon ɓerayena ne.

Na san dalilinka. Don kada in baro aikin nan ne. To, ga gaskiyar yadda abin yake, na je na sami Farfesa ɗazu. Saura kwana ashirin da takwas. In na tsaya, na gama. In na taho, wani ɗalibi zai karɓi ɓerayen don kada wahalarsu ta tafi a banza, sunansa ne zai hau rahoton, ni kuma sai baɗi in sake da sababbi. Shekara ɗaya ce, Baba. Shekara ana samun wata.

Ko na zo ko ban zo ba, abu guda ba shawara ba ne, oda ce. Ka koma wurin likitocinka ka karɓi duk maganin da suka ce, komai ƙarfinsa. Allurata ba ta maye gurbinsa. In na zo zan taho da na'ura ta gaskiya, mu tambayi likitanka ko ta dace da kai, mu nemi wanda ya koyi yi wa mutane, don ni ta dabbobi ce. In an yarda, kai za ka riƙe wayar ka duba haɗin, na san ba za ka bar wa kowa ba.

Amma ba zan yanke hukunci da hoto ba. Ɓera nake wa haka, don ba shi da baki. Kai kana da shi. Likitocin mutane tambaya suke yi: daga sifili zuwa goma, ciwon nawa ne? Sifili babu komai, goma shi ne iyakar abin da ɗan Adam zai ɗauka. Mama ta ce ba a tambayarka. Yau ni na tambaya.

In ka rubuta uku, zan yarda da kai, in tsaya in gama, in zo Kirsimeti. Ban taɓa ƙaryata ka ba, ba zan fara yanzu ba. In kuwa abin da fuskarka ta faɗa ne, ka rubuta shi. Golmo ya ƙare shekara arba'in da suka wuce, an ba ka matar, ga mu mun girma. Babu 'yan matan da za su sa ka a waƙa.

Ina jira. Ubangiji ya riƙe mini kai.
'Yarka,
Dinah

Dabai
18 ga Nuwamba

Dinah, 'yata, ina gaishe ki.

Tuwona Kofur yake ci.

Haladu ya fasa komawa Kanya. Gobe zai kai ni Sakkwato, zan karɓi magani mai ƙarfin, na ruwan.

Na ɗauki biro in rubuta uku. Na daɗe riƙe da shi.

Tara ne. In na sami rana mai kyau, takwas.

Da ciwo, Dinah. Ki zo.

Babanki